Jinyar Katako Kafin Fenti

Da hantsi aka kawo ƙofar a kan amalanken jaki, an ɗaure ta da igiyar kaba. Tsohuwar ƙofar zaure ce ta jan katako, shuɗin fentinta ya koɗe har ya koma launin toka. Mai ita, wani dattijo daga ƙauye, ya sauke ta a gaban rumfar wani kafinta da ke bakin kwalta a Gazawa, ya dire sabon gwangwanin fenti kusa da ita. Bikin ɗiyarsa saura mako uku, yana so baƙi su tarar da ƙofar gida tana sheƙi.

Kafintan ko kallon gwangwanin bai yi ba. Ya sa yaransa suka kwantar da ƙofar a kan benci biyu, ya ɗauki doguwar ƙusa, ya shiga bin katakon yana dannawa a hankali. Daga sama ƙusar ba ta shiga, sai dai ta bar ɗan tabo. Da ya gangaro ƙasa, inda feshin ruwan indararo ke bugu duk damina, sai ta nutse kamar an soka ta a burodi. Ya ƙwanƙwasa wani wuri da gaɓar yatsa, wurin ya amsa kamar busasshen gora.

"Baba, wagga ƙofa jinya take so tukuna," in ji shi. "In na shafa mata fenti yau, ranar biki za ta yi kyau. Amma kafin wata kaka ta zagayo, kai da kanka za ka dawo ka ce na cuce ka."

Dattijon ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa ya wuce rumfa biyu ya zo wannan. Ya bar ƙofar, ya tafi cin kasuwa.

Mutane da yawa sun ɗauka fenti rufin asiri ne. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi kuwa ya san babu abin da ya kai fenti tonon asiri. Shafi ɗaya idan ya bushe bai kai kaurin takardar littafin ɗan makaranta ba. Ramin ƙusa yana nan a ƙarƙashinsa, tsaga tana nan, kuma fenti mai sheƙi sai ya ƙara fito da su fili, domin haske na bugun wurin ya karye. Abin da ya fi wannan muni, idan aka rufe ruɓaɓɓen katako da fenti, an kulle danshi ne a ciki, ruɓa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Don haka gwanin sana'ar nan rabin aikinsa da ƙusa da wuƙa da samfefa yake yin sa, buroshi sai a ƙarshe.

A wannan yanki akwai dalili na musamman da ya sa ake jinyar katako maimakon a jefar da shi. Bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ka gifta ta gefen Maraɗi, ka wuce Agiye da Gazawa ka nufi Tasawa, ba za ka ga dajin da ake yanko faffaɗan katako ba. Kusan duk wanda ke jingine a rumfunan kafintoci daga kudu ya taso, daga dazuzzukan ƙasashen bakin teku, ya sha doguwar tafiya a mota, ya ratsa iyaka ta wajen Jibiya da Ɗan Isa ko wata mashigar. Kowane zango kuwa kuɗi yake ƙara masa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gonaki suka koma fili fetal. Daga baya sassabin zamani ya bazu, wato barin tohon kututture ya tashi a cikin gona a dinga gyara shi, dabarar da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya ya fara yaɗawa a ƙasar Maraɗi a 1983, manoman garuruwa irin su Ɗan Saga ta Agiye suka riƙe ta da hannu biyu. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Sai dai waɗannan itatuwa makamashi suke bayarwa, da dirkoki, da ƙotar fartanya, da abincin dabbobi. Ba sa ba da faifan katako mai faɗin kamu biyu. Mutumin da ya reni gawo da hannunsa ya san shekarun da ice ke ɗauka kafin ya yi kauri, ba zai yarda ƙofar da ya gada ta tafi murhu saboda ruɓar taƙi ɗaya ba.

Abokan gabar katako a nan uku ne, kuma kowanne da irin raunin da yake bari. Na farko yanayi. Ruwan sama bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. A watan Agusta iska cike take da danshi, katako ya sha ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa. Hunturu na shigowa iska ta bushe ƙarau, katakon ya amayar da abin da ya sha. Ruwan da ke jikinsa kan sauko daga kashi 14 ko 15 cikin ɗari zuwa kashi 4 ko 5. Katako kuwa ta faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa, shi ya sa ƙofa mai faɗin santimita 80 za ta iya raguwa da santimita ɗaya ko fiye tsakanin damina da bazara. Wannan shaƙa da fitarwa, shekara bayan shekara, ita ke buɗe tsaga, ta sassauta ƙusa, ta ɓare fenti.

Na biyu ƙwari. Gara daga ƙasa take hawowa, ta gina hanyarta ta laka, ta cinye cikin katako ta bar masa ɓawo sumul kamar ba abin da ya faru. Ita ce ke sa wuri ya amsa kamar gora. Akwai kuma ƙananan ƙwarin da ke huda farin katako, musamman samba, su bar ramuka kamar na allura da wani gari mai laushi a ƙasan tebur. Na uku ruwa mai kwanciya. A garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi, irin su Tsibiri da Gidan Rumji, inda ƙasa kan daɗe da laima bayan ruwa, gindin ƙofa da ƙafar benci su ne ke fara tafiya. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A katako ma ƙaramar tsaga ce ke kiran ruwa, ruwa ya kira ruɓa, ruɓa ta kira gara.

Kafintan Gazawa ya fara ne da kankara. Yaransa biyu suka hau tsohon fenti da guntun zarton ƙarfe da aka wasa, inda lungu yake kuma da ɓallin gilashi. Sannan shi da kansa ya ɗauki kurfi ya bi duk inda ƙusa ta nutse, yana sassaƙe mataccen katako har sai da ya ga kurfin na fitar da ɓawo mai tsawo, mai launi, maimakon gari. Ƙaramin yaron ya ga rami na ƙara faɗi, ya kasa haƙuri.

"Maigida, ai kamar ƙara ɓata ta muke yi."

"Kai dai riƙe mini nan. Wanzami in zai yi wa ƙurji aiki, rufe shi yake yi ko matse shi?"

Bayan sassaƙa sai magani. Ya shafa maganin ƙwari na katako a ramukan, ya jingine ƙofar a inuwa inda iska ke ratsawa, ya ce kada wanda ya taɓa ta sai bayan kwana biyu. A ƙauye an saba shafa baƙin mai don korar gara, kuma yana taimakawa a gindin dirka da za a binne. Amma shi ba ya kai shi inda fenti zai hau, domin fenti ba ya kama wurin da ya sha baƙin mai, kuma baƙin kan ɓullo ta cikin sabon launi ko bayan wata nawa ne. Tsoffin ƙusoshi masu tsatsa, wanda ya ciru ya cire, wanda ya ƙi ya kafa masa wata ƙusar a ka ya buga har ya nutse cikin katako, ya ɗiga masa fentin hana tsatsa.

Daga nan ne ainihin gwaninta ke bayyana, wato sanin wane ciko ya dace da wane rauni. Magunguna huɗu ne a rumfar, kuma ba a ba wa ɗaya aikin ɗan'uwansa.

Mafi sauƙi shi ne dusar katako da farin gam. Ba kowace dusa ba: ta bakin zarto ta yi gautsi, wadda samfefa ta fitar ake so, mai laushi kamar garin tuwo, kuma in da hali daga jikin katakon da ake gyarawa. A kwaɓa ta da gam har ta yi kaurin ƙullun ƙosai, a danna cikin rami. Gam ruwa ne ke cikinsa, idan ya bushe cikon kan janye ya lotsa, saboda haka gwani kan tula shi ya ɗan haura, rami mai zurfi kuma hawa biyu ko uku yake yi masa, kowane hawa sai ya bushe. Wannan ciko na cikin ɗaki ne: gadon amarya, kabet, teburin mai shayi da ke ƙarƙashin rumfa, da bencinan makaranta da ake tarawa a gyara kafin komawar ƴan lakwal a watan Oktoba. Idan aka kai shi inda ruwa ke bugu, farin gam kan yi laushi ya saki.

Na biyu shi ne mastik na gilashi, kuma shi ne dattijon cikinsu. Masu sa gilashin taga a Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi, haɗinsa kuma bai canja ba: garin alli da man lin, wato man da ake tatsa daga ƴaƴan tsiron lin. Sirrin a man yake. Man lin idan ya haɗu da iska yakan shaƙe ta ya daskare sannu a hankali, ya zama fata mai tauri amma mai ɗan sassauci. A ƙasar da gyaɗa ta gina arzikinta, dole wani ya yi tunanin ko man gyaɗa zai yi. Ba ya yi. Man gyaɗa ba ya daskarewa a iska, ko shekara ya yi a rami yana nan da maiƙonsa, fenti kuma ba zai zauna a kansa ba.

Kallon kafintan nan yana sarrafa mastik abin sha'awa ne. Ya gutsuro kamar girman goro, ya dinga murza shi a tafin hannu har ɗumin jiki ya sa ya yi laushi. Idan ya ji ya yi tauri, ɗigon man lin ɗaya ya isa. Idan ya cika danƙo, sai ya mulmula shi a kan takardar buhun siminti ta tsotse rarar man. Amma kafin ya kai shi ramin ƙusa ko siririyar tsaga, sai ya fara shafa wa wurin fentin farko ya bari ya bushe. Wannan mataki ne masu gaggawa ke tsallakewa. Busasshen katako ƙishirwa gare shi, idan aka ɗora masa mastik a kan tsiraicinsa sai ya zuƙe man ya bar alli zalla, bayan ƴan watanni cikon ya farfashe ya zube. Yana danna shi da babban yatsa, ya bi da faffaɗar wuƙa sau ɗaya, a karkace, wurin ya kwanta sumul. Sannan a jira mako guda, wani lokaci biyu, har saman ya yi fata. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun farko ya tambayi dattijon ranar bikin.

Idan gilashi ne za a ɗaure a jikin kabet ko tsohuwar taga, ƙananan ƙusoshi ne ke riƙe shi, mastik kuma ya rufe gefen a gangare don ruwa ya zame. Ranar fenti, gwani kan bar bakin buroshi ya hau kan gilashin da kamar milimita 2. Mai kallo zai ce hannunsa ne ya goce, alhali wannan ɗan layi shi ne ke hana ruwa shiga tsakanin gilashi da mastik.

Na uku daga garejin masu gyaran jikin mota kafintoci suka aro shi: mastik na mota, mai zuwa da ɗan ƙaramin bututu na maganin da ke sa shi ƙanƙarewa. Kimanin kashi 2 na maganin ake sa wa kashi 100 na mastik ɗin. Da zarar an gauraya, agogo ya fara bugawa. Cikin minti huɗu ko biyar ya fara kamawa, a zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, bai ma kai haka ba. Don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, a inuwa, a kan guntun faranti. Amfaninsa a fili yake: ba ya janyewa, ruwa ba ya narkar da shi, kuma bayan rabin awa ana iya goge shi. Aibinsa shi ne taurin kai. Katako na kumbura yana raguwa, shi yana tsaye ƙiƙam. Saboda haka gwani kan sassaƙa ramin ya zama cikinsa ya fi bakinsa faɗi, kamar tulu, ya kafa ƙananan ƙusoshi biyu ko uku a ciki su zame masa ƙashi, sannan ya cika. Ko katakon ya motsa, cikon ba shi da hanyar fita.

Akwai wurin da kafintan ya hana a kai wannan mastik ko kusa: mahaɗar da ke tsakanin faifan katako biyu. A lokacin rani wurin kan buɗe har ka hango tsakar gida ta ciki, kuma mai ƙofa abin da ya fi son a toshe ke nan. Amma wannan gurbi numfashin ƙofa ne. Idan aka cika shi da abu mai tauri a watan Fabrairu, damina na zuwa faifan biyu za su kumbura su matso, ko su tofar da cikon ko ƙofar ta bauɗe. Abin da ya yi shi ne ya feƙe siririn katako ya manna shi a gefe ɗaya kawai, ya bar ɗan sarari, sannan ya buga wani faffaɗan sirin ta baya ya rufe ido. Wanda bai shekara goma yana ganin ƙofofinsa na dawowa bayan damina ba, da wuya ya san wannan.

Magani na huɗu ba a sayen sa a kanti. Idan ruɓa ta wuce faɗin tafin hannu, ko ta ci wurin da ke ɗaukar nauyi, katako sai katako. Ya yanke gindin faifai biyu da suka mutu, yankan a karkace yadda ruwa zai gangaro waje. Ya shiga tarin guntayen da yake ajiyewa a bayan rumfa, ya daɗe yana juyawa kafin ya zaɓo jan katako irin na ƙofar, tsoho, wanda ya gama bushewa. Ya daidaita shi jijiyarsa ta bi ta uwar ƙofar, domin su kumbura tare su ragu tare. Wannan aiki ɗan'uwan na gyartai ne, wanda ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya har ta koma riƙe nono, kuma ɗan'uwan yaɓen da magina ke yi wa katanga kafin ruwa ya sauka.

Bayan kwana goma aka shiga guga. Samfefa mai lamba 80 ta fara, ta ci tudu, sai mai 120, sai mai 180 ta kwantar da wuri. An naɗe ta a guntun katako mai baki ɗaya, domin yatsa kan bi lotsi ya ƙara masa zurfi, kuma ana bin tsawon jijiyar katako ne, ba a gicciye ta. Kafintan ya sa yaran suka ɗaure hanci da ƙyalle, ya kori ƙananan yaran unguwa da suka taru kallo. Yana da gaskiya. Tsohon fenti mai mai, musamman jan nan na hana tsatsa, sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ƙurarta kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ke yi a 2010, lokacin da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Da aka gama, bai duba aikin da ido ba. Ya kau da kai gefe, ya bi ƙofar da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya tsaya wuri biyu ya yi alama da alli. Da la'asar, rana ta yi ƙasa, ya sa aka tayar da ita haske na bugunta ta gefe. Wuraren biyu kuwa suka fito da ƴar inuwarsu. Ya sake cikewa, ya sake gogewa.

Ranar fenti da sassafe aka fara, kafin iska ta taso da ƙura, bayan an yayyafa ruwa a ƙasan rumfa. Fentin farko ya hau ko'ina, ya kwana. Shuɗi ya hau siriri, ya kwana, aka bi shi da samfefa mai laushi sama-sama, sannan shafi na biyu. Sai a lokacin gwangwanin dattijo ya yi amfaninsa. Da ya zo ɗauka, ya zagaya ƙofar sau biyu yana neman inda aka yi ƙari, bai gano ba sai da aka nuna masa. Kafintan ya ce masa idan an je gida a ɗaga ta daga ƙasa kamar yatsa biyu, a kuma karkatar da bakin indararo, in ba haka ba shekara uku za su sake haɗuwa.

Kafin a ɗora ta a amalanke, ya sa aka kifa ta, ya tsoma buroshi, ya shiga cika wa ƙarƙashin gindinta fenti, bakin da ke kallon ƙasa, inda jijiyar katako ke buɗe tana shan ruwa kamar kara. Ya shafa, ya jira ya shige, ya ƙara.

"Maigida, nan wa zai gani?" in ji ƙaramin yaron.

"Ruwa zai gani," ya ce, bai ɗago ba. "Gara ma za ta gani. Miƙo mini gwangwanin."